Tsutsa a tanda, waya a kunne

Na ji ku. "Malam, hatsi ya yi tsada, kai kana zancen tsutsa." To ku zauna, shayin ma bai nuna ba.

Ku Gobirawan Tibiri da ke yatsine fuska, ku duba wuyan babbar rigar kakanninku. Zaren tsamiyar da aka yi wa aiki da shi, tsutsar daji ce ta saƙa shi, kuma taubasanku Yarbawa har yau da shi suke ado. 'Yar'uwarta ta gida, wadda Sinawa suka yi shekaru dubbai suna kiwo, takan naɗe kanta da zare guda ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mita. In aka bar ta ta yi fiffike, sai ta huda gidan ta fito, zare ya tsittsinke, kasuwa ta watse. Don haka masu kiwo kan kashe ta tun tana ciki, da tururi ko iska mai zafi ko rana. Masana suka ce bari su gwada tandar maikirowef.

Me ya faru? Ta dahu. Igiyar tandar tana kai da komo sau biliyan 2.45 a daƙiƙa, tana girgiza ruwan da ke jikin abu har ya ɗau zafi. Tsutsa kuwa kusan duk ruwa ce, zaren da ya lulluɓe ta busasshe, shi ya sa zafin ya fi taruwa a kanta.

Ga Alhaji can ya zabura, don ya ji waya ma da irin wannan igiya take aiki: "Ashe wayar nan dafa mu take yi!" Alhaji, kwantar da hankali. Tanda na sakin wat 800 ko fiye cikin akwatin ƙarfe a rufe, wayarka ba ta wuce wat 2. In kunnenka ya yi zafi, tambayi kanka awa nawa ka yi kana ciniki da mutanen Jibiya. Gaskiya ne a 2011 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa irin wannan igiya cikin abubuwan da ake zargin suna iya jawo ciwon, amma a rukunin nan har da ruwan ganyen alobera, wanda Hajiya ke shafawa.

Ku da ke cewa duk tatsuniyar Nasara ce, wa ke shanya wake a kan baƙar leda, ya rufe da fara, rana ta gasa ƙwaron da ke ciki? Zafin dai shi ne, naku kyauta ne kawai. Masu binciken INRAN a Maraɗi ma sun daɗe suna fama da ƙwaron nan, har buhun PICS mai leda biyu suka gwada, wanda ke shaƙe shi.

Mutanen Jiratawa kuma, na ga idonku ya yi haske. A'a. Tsutsar da ke cinye muku zogale ba ta saƙa zaren sayarwa, garka kuma ba ta shiga tanda.