Dokin da Bai Kai Ƙugunka Ba

Na ga yadda ka taɓe baki, malam. An ce maka akwai doki baligi, mai 'ya'ya har da jikoki, wanda kafaɗarsa ba ta kai ƙugunka ba, sai ka ce tunkiya ce aka ɗaura wa geza. To gyara zama. Yau ni da kai ne, kuma ba inda za ka.

Ka ce dukushi ne, a ba shi shekara biyu zai miƙe? Ba shi ashirin ma. Irin da ake kira Shetland, ƙungiyar da ke riƙe da littafin asalinsa tun 1890 ba ta karɓar wanda ya haura inci 42 a kafaɗa, wato santimita 107. Shi ma ƙato ne a cikin dangi. A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙananan dawakai da aka kafa a 1978, ita inci 34 ta tsayar, santimita 86. Dokinka ya ɗara da ko ƙiris, sai ka nemi wata ƙungiyar. Ka ce to ai jaki ne? Haba! Dubi kunnen, dubi wutsiyar, ka saurari haniniyar. In ka samo jakin da ke haniniya kawo shi, ni zan saya ba tayi.

Ka ce Turawa ne da neman suna, suka shige ɗakin gwaje-gwaje suka matse halittar Allah? Nan ka fara zamewa. Shetland wasu tsibirai ne can arewa da Sukotland, tsakiyar teku, inda iska ba ta hutu, bishiya sai ka yi da gaske ka ga guda, ciyawar kuma gajera ce marar maiƙo. Ingarman da ya saba da kwanon dawa safe da yamma, hunturu ɗaya zai yi a can labarinsa ya ƙare. Wanda ya rayu shi ne ɗan guntu mai gashi rufi biyu, da gajerun ƙafafu, da cikin da ke tatso ƙarfi daga abin da bai kai a kira shi abinci ba. In sanyi ya tsananta, bakin teku yake gangarawa ya ci ciyawar da ruwa ya watso. Yunwa da sanyi ne suka sassaƙa shi tun kafin wani ya yi tunanin rubuta sunansa a littafi. Mutanen tsibiran kuma ba don kallo suke ajiye shi ba. Shi ke ɗauko musu baƙar ƙasar nan da suke yankawa su shanya su hura wuta da ita, shi ke kai taki gona.

A zancen matse halitta, rabin gaskiya kake da ita a Ajantina, kuma ban ba ka fiye da rabin ba. Can wasu dangi da ake kira Falabella, kusa da birnin Buenos Aires, suka shafe zuriya bayan zuriya tun ƙarni na 19 suna haɗa ƙarami da ƙarama har irin ya ɗauki sunansu. Amma ba kwalba ba allura. Zaɓe ne da haƙuri: a haɗa, a jira wata goma sha ɗaya, a duba, a sake.

Ka ce to me zai tsinana wa mutum? Wannan tambayar nake jira, Allah ya saka maka da alheri.

A 1842 majalisar Birtaniya ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa a ramukan haƙar kwal. Kafin nan su ne ke rarrafe suna jan akwatunan kwal a lungunan da babban mutum ba ya iya miƙewa. Da aka fitar da su, masu ramuka suka rasa mai jan kaya, babban doki kuma ba ya shiga. Sai ido ya koma Shetland. Aka yi ta kwasar mazan jirgi-jirgi, har tsibiran suka kusa rasa namijin kirki na baye. Wani basarake mai ramukan kwal a Durham, Lord Londonderry, da ya ga haka sai ya buɗe nasa gidan kiwon a tsibiran Bressay da Noss a shekarun 1870, yana fitar da masu kaurin ƙashi da faɗin ƙirji, gajeru iya gajarta. Zuwa 1913 dawakan da ke aiki a ramukan Birtaniya sun kai kimanin 70,000. Ba duka ne 'yan Shetland ba, amma lungu mafi ƙunci nasu ne. Da yawa bargarsu ma a can ƙasa take, sai lokacin hutun shekara ake fito da su su ga rana. A ramin Ellington sai 1994 na ƙarshensu suka yi ritaya. Masu kiwon ɗan Shetland na cewa yana jan ninki biyu na nauyinsa. Kai da ke hawa bene ɗaya kana neman kujera, kai ne mai tambayar me zai tsinana?

Ka ce wannan tarihi ne, yanzu fa? Yanzu shi ne malamin firamaren mahaya. Sarauniya Elizabeth ta biyu tana da shekara huɗu kakanta Sarki George na biyar ya ba ta wata 'yar goɗiyar Shetland mai suna Peggy, a kanta ta koyi zama. A Landan duk Disamba ana sukuwarsu da tsallake shinge, yara ne a sama, manya na ihu a gefe. Wasu kuma a ɗaura musu ƙaramin keke su ja babban mutum ba haki.

Ga kuma wanda zai rufe maka baki. A Amurka tun 2011 doka ta yarda ƙaramin doki horarre ya shiga kanti da asibiti yana jagorar mai lalura, kusan yadda aka yarje wa kare. Kada ka yi dariya tukuna. A jihar Michigan an yi wata baiwar Allah Musulma, makauniya, wadda iyayenta ba su yarda a shigo da kare cikin gida ba, dalilin da ni da kai ba ma buƙatar a yi mana bayaninsa. Sai ta samu 'yar goɗiya mai suna Cali. Da ita take shiga bas, da ita ta shiga jami'a. Idanun doki a gefen kai suke, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya waiga ba. Karen jagora shekara takwas zuwa goma sai ya gaji, wannan kuwa yana iya haura talatin a duniya. In daɓen mai santsi ne har 'yan takalma ake sa masa. To, yanzu yi dariyar, na ba ka izini, takalman sun cancanta.

Ka ce mu dai nan ba mu san wannan shirmen ba? Kai ne dai ba ka sani ba. Kakanka ya san ƙuru. A tsaunukan Filato, Berom da Mwaghavul da Ron sun daɗe suna hawan nasu gajerun ba sirdi ba likkafa, suna farauta a cikin duwatsun da ingarman barga zai karya ƙafa. A kwarin kogin Logone, tsakanin Chadi da Kamaru, mutanen Musey na da nasu, wanda ya fi manyan dawakai jure wa ƙasar ƙudan tsando. Sun fi na Amurka tsayi nesa ba kusa ba, kuma yawansu na ta raguwa, ga shi masu kuɗinmu sun fi son su ji labarin na ƙetare.

A'a, me nake gani? Laluben aljihu ka fara? Ɗazu tunkiya, yanzu kuma za ka saya wa auta ya riƙa wasa da shi a tsakar gida? Dawo ka zauna, Alhaji. Da mai raina shi da mai ɗaukarsa abin wasa, na biyun ya fi cutar da shi.

Ka ce rabin doki, rabin wahala? Rabin abinci dai, shi ma a nan tarkon yake. Ka saba da ingarma: dawa, dusa, harawa, a bi da kanwa, in ya yi sheƙi a ce mai shi ya iya kiwo. Yi wa wannan haka ka kashe shi da ƙauna. Cikin da aka gina a kan yunwa, hatsi da ɗanyar ciyawar damina sun fi ƙarfinsa. Da farko za ka ga wuyan ya yi tudu, ka taɓa ka ji tauri, ka ce ma sha Allah. Sai wata safiya ka tarar da shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya, ya ƙi takawa. Ka dafa kofaton ka ji ɗumi, jijiyar da ke samansa tana bugawa. Naman da ke riƙe kofato da ƙashi ne ya kumbura, in abin ya yi nisa ƙashin ya juya a ciki, kuma ba kasafai ake dawowa daidai ba.

Ka ce sai ka yanke masa abinci kwana biyu ya saɓe? Ka ga irin wayon naka ko? Ƙaramin doki mai ƙiba in ya daina ci kwatsam, kitsen jikinsa ne ke kwararowa cikin jini ya toshe hanta. Likitan dabbobi ya ɗibi jinin ya ajiye, ruwan da ya taso sama ya yi fari fat. Goɗiya mai ciki ko mai shayarwa ta fi shiga wannan hatsarin, kuma da yawa ba sa tashi. Saboda haka masu kiwon kirki da sikeli suke aiki. Mai nauyin kilo 100, ingirici kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi a yini, a rarraba. In za a sake shi a makiyaya mai yabanya, har takunkumi ake sa masa mai 'yar ƙofa, ya riƙa tsinka kaɗan-kaɗan. Zai kalle ka da idon maraya. Kau da kai.

Baki fa? Ingarma baligi haƙora wajen 40 gare shi, ɗan naka ma haka, a muƙamuƙin da bai da filinsu. Sai cunkoso, sai kaifi ya yanki kunci, sai ka ga yana zubar da abin da ya tauna. Duk shekara a duba a goge. Kofato a datse duk mako shida zuwa takwas, ga maganin tsutsa, ga allura. Ba ya zama shi kaɗai, dabbar garke ce, amma in ka haɗa shi da ingarma harbi ɗaya na wasa ya isa. In kuwa ɗan Shetland ka ɗauko ka kawo Maraɗi ko Sakkwato a watan Afrilu, gashin nan rufi biyu sai aski, ga cutar dawakai ta Afirka da 'yan ƙwarin dare ke yaɗawa, wadda baƙon doki ne ta fi kayarwa.

Ka ce to kiwo za ka yi, su hayayyafa ka sayar? Sannu ɗan kasuwa. Ɗa ɗaya ne a wata goma sha ɗaya, in an dace. Ƙananan goɗiyoyi sun fi manya shan wuyar naƙuda, wani lokacin kuma ɗan ya faɗo a cikin jakarsa ya kasa fasa ta, minti kaɗan ya shaƙe. Shi ya sa masu kiwo ke kafa kyamara a barga su kwana ido biyu.

Nan zan ɗan daina wasa. Akwai ƙarami, akwai wada, kuma ba ɗaya ba ne. Ƙarami doki ne cikakke, komai nasa daidai da jikinsa. Wada kuwa nakasa ce ta gado: kai ƙato, goshi a kumbure, muƙamuƙin ƙasa ya zarce, ƙafafu a karkace, numfashi da ƙyar. In uwa da uba duka suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo haka. Jami'ar Kentucky na gwajin gano masu ɗauke da ita daga 'yan silin gashi, don haka wanda ya haɗa su a makance ba shi da uzuri. Thumbelina, wadda aka haifa a Missouri a 2001, ta shiga kundin Guinness da tsayin santimita arba'in da 'yan kai, duniya ta yi ta tafi. Wada ce, da ƙafafun da sai an tallafa musu. Masu tseren rage inci don hoto ya yi kyau, ni ban ga abin tafa musu ba.

Wajen saye kuma, dillali dillali ne ko da wane yare yake rantsuwa. Zai nuna maka dukushi ɗan wata takwas ya ce ya gama girma, bayan shekara biyu ka ga yana leƙen katanga. Buɗe bakin ka duba haƙoran, ka ce a nuna maka uwa da uba da idonka. Wani zai datse kofato har kusa da nama don awo ya sauka. A auna a daɓe mai tauri, shimfiɗaɗɗe, a gabanka, kuma ka tambayi daga ina aka auna: 'yan Amurka daga silin ƙarshe na geza suke ɗora sanda, wasu daga ƙololuwar kafaɗa, tsakaninsu kuwa akwai 'yar rata da ke sauya farashi. Takardar ɗan ƙarami ma ta wucin gadi ce, sai ya girma an sake awo ake ba da ta dindindin. A Lerwick, babban garin Shetland, duk Oktoba ana gwanjonsu, kuma ba a nan kuɗin ke tafiya ba. Kuɗin na cikin shekara talatin ɗin da za ku yi tare. Autan da ka saya wa zai yi aure ya tashi, dokin na nan a turke yana jiran ingiricinsa.

Na ga sauran tambaya ɗaya a bakinka, fito da ita. Zai ɗauke ka ranar hawan sallah? Subhanallahi! Ƙananan nan na Amurka, abin da ya wuce kilo 30 ba a ɗora musu a gadon baya. Rawaninka da alkyabba da babbar riga sun kusa cinye rabi, ba a zo kan tumbin ba. In dai lallai sai kun fita tare, jikanka a sama, kai a ƙasa riƙe da ragama. Kai ne zagi.