Masu Kuka da Babban Yatsa

Ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ambaliya ta shanye Maiduguri, har wayoyinmu sai da suka jiƙe. Ga mata a kan rufin kwano, ga Monday Market ta koma tafki, ga labarin dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi sun biyo ruwa cikin gari. A makon ne na san iri-iren mutanen da nake zaune da su a zaurenmu na hira ta waya.

Akwai Mai Allah-sarki. Fuskokin kuka bakwai za ta jera, ta ɗora “Innalillahi”, kafin a ce kwabo ta koma tambayar kuɗin leshi. Kusa da ita Sarkin Turawa yake, wanda duk ruwan da ya gani a bidiyo sai ya turo ya ce na Borno ne, ko da mutanen ciki ba su yi kama da Barebari ba.

Amma gwanin gwanaye shi ne Alhaji Turo-akawun. Shi ke fara magana, da manyan baƙaƙe: “A turo mini lamba yanzu-yanzu!” A tura. Shiru. Bayan la'asar ya ce netwok ne. Washegari ya ce kuɗin sun fita amma ba su shiga ba, yana hanyar banki. Ran Juma'a kuwa ya ce ya ji ana cinye kuɗin taimako, don haka ya fasa, gudun kada ya jefa wani cikin zunubi. Hadarin kaka ke nan, ga rugugi ba ɗigo. Abin haushin, shi ya kwashe addu'o'in jama'a tun ranar farko, kuma bai mayar ba.

Sai Masani. Zai tuna maka cewa wannan madatsar ta taɓa yin haka a 1994, shekara talatin cif, ya tambayi abin da hukuma ta yi a tsakani. Gaskiyarsa fa. Sai dai wanda ambaliyar ta kora ya kwana a sansanin Bakassi ba zai shimfiɗa gaskiyar nan ya kwanta a kai ba.

Mai Hoto kam na daina zaginsa. Buhun shinkafa ɗaya, hoto goma sha biyu, har da wanda yake kallon sama kamar mai jiran wahayi. To, shinkafar dai ta dahu a tukunyar wani.

Ni kuwa, kada in ɓoye, Mai Kwamiti ne. Na kawo shawarar a kafa gidauniya, a naɗa shugaba, ma'aji da sakatare, muka kwana uku muna gardamar sunan da za mu sa wa gidauniyar.

A rana ta huɗu gwaggona, wadda wayarta ko hoto ba ta buɗewa, ta leƙa tawa. Kallo ɗaya ta yi ta shige ɗaki. Can sai ga ta da zannuwa biyar, tabarma biyu, da garin kunu a leda, ta ɗaure su tamau.

“Ɗan nan, motar Maiduguri ba ta tashi da asuba ne?”

Na ce, “Gwaggo, ai kwamitinmu bai zauna ba tukuna.”

Ta ce, “To ya ci gaba da tsayuwa. Ajiye wannan abar, ka ɗauki ƙullin nan ka kai tasha.”