Mu 'Yan Gangara da Kwamfutar Ƙarƙashin Gado

Mu dai mutanen Gangara akwai mu da son kaya. Zaman bakin iyaka ne ya koya mana: abin da ya shigo daga Maraɗi sai mun taɓa, wanda ya fito daga Kano ta Katsina sai mun taya, ko da ba mu san aikinsa ba. Ta haka kwamfuta ta shigo gidajenmu. Wani ɗansa ne ya gama makaranta ya bar ta, wani ƙanensa ya sayo masa ta hannu a titin Beirut na Kano, wani kuwa jingina aka kawo masa, mai ita bai sake waiwayowa ba. To, ta shigo, sai me? Sai a naɗe ta da tsohon ɗankwali a tura ƙarƙashin gado, ko a mai da ita talabijin, fim ɗin Indiya mai fassara da daddare, wa'azi da safe. Yaro na matsowa kusa sai tsawa: "Kai! Kar ka taɓa, za ka ɓata!" Amma da ya ɓare baki da kuka, mu ɗin nan ne za mu miƙa masa wayar da ta fi kwamfutar tsada, ya yi ta dangwale-dangwale har ya kira surukai cikin dare.

Zancen ya taso ne a teburin mai shayi, da wani maƙwabcinmu ya ce yana neman abin da zai sa wa 'ya'yansa biyu, mai shekara huɗu da mai shida, su yi wasa su kuma ƙaru. Nan take kowa ya zama gwani. Wani ya ce a tura musu katun. Wani ya ce Zuma, wasan harbin ƙwallaye da ya cinye wa ma'aikatan ofis rabin rayuwarsu. Dattijon majalisar ya kurɓi shayi ya ce, "Ɗana, allo da tawada ba su ishe su ba?" Aka ce, "Baba, allo na nan daram, wannan na bayan la'asar ne." Ya ce to, Allah Ya sa.

Ai mu namu sharuɗɗan daban ne da na mutanen Abuja. Na farko, manhajar da sai da intanet take aiki, a kai kasuwa. Mun ga aya a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Masari, da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da tamu Jibiya, sai wajen ƙarshen shekara aka fara sakinsu. Mai layin Nijar a lokacin ya zama ɗan gata, ana bin sa ana lallashi. Ko yanzu da layi ke nan, wa zai ƙona kuɗin data don ɗan shekara huɗu ya zana akuya? Sannan kar ta nemi katin banki, kar ta riƙa jefo tallace-tallacen da za ka kunyata a gaban 'ya'yanka, kuma yaron da bai iya karatu ba ya gane ta da ido da kunne.

Mai shagon caji da tura fina-finai na bakin hanya, yaro ne matashi da muke raina wa wayo, shi ya raba gardama. Ya ce, "Yaya, kawo kwamfutar gobe in an samu rana sola ta cika." Abin da ya fara zubawa shi ne Tux Paint, manhajar zane ta kyauta da wani Ba'amurke, Bill Kendrick, ya fitar a 2002 don yara 'yan shekara 3 zuwa 12. Sai ka gani da idonka za ka yarda. Farin fili ne a tsakiya, launuka a jere a ƙasa, manyan maɓallai masu hoto a gefe, ga wani tsuntsun ƙasar ƙanƙara a lungu yana ba da shawara. Kowane burushi da irin ƙararsa. 'Yar shekara huɗun nan ta kama linzami da hannu biyu, ta ja layi ja, abin ya yi ƙara, ta saki ta ruga bayan uwarta. Can ta leƙo, ta dawo, ta sake ja. Kafin magariba ta manna kaji sun fi ashirin a kan rufin wani abu da ta ce gidan Gwaggo ne. Abin da ya fi burge uban shi ne ana iya saita ta ta cika fuskar kwamfutar, a kuma kulle ƙofar fita, yaro ba shi da hanyar zuwa ya goge takardun filin gado. Ajiye zane ma ba ya bukatar rubuta suna, danna hoto ɗaya ne.

Ta biyu ita ce GCompris, wadda Bafaranshe Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000, don 'yan shekara 2 zuwa 10. Ita wannan kasuwar Jibiya ce ranar Lahadi, babu abin da babu, wasanni sama da 100. Akwai wanda yaro zai yi ta goga linzami har hoton dabba ya bayyana, akwai kamun kifi da dannawa, akwai haruffa masu faɗowa daga sama sai ka nemo su a madannai kafin su taɓa ƙasa, ga ƙirga, ga karanta agogo, har da wani na jera uku da tsofaffin 'yan dara suka ƙwace daga hannun yara. Sai dai a kula, muryoyin da ke cikinta saukowa suke yi daga intanet, don haka a buɗe ta sau ɗaya a inda layi ke da ƙarfi kafin a kawo gida. In kuma kwamfutar ta kwana biyu, mai Windows 7 ce, a nemi tsohon samfurin manhajar.

Wani daɗin GCompris a wajenmu shi ne ana juya harshenta. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, amma zumunci bai taɓa tsayawa a shingen Magama ba. In 'ya'yan ƙanwarka suka zo hutu daga Ɗan Isa ta Nijar, sai ka mai da ita Faransanci, naka su ƙirga da Turanci, nasu da Faransanci, faɗan wa zai riƙe linzami kuma a yi shi da Hausa. Mai son karatun Hausar kanta, akwai ƙananan littattafan yara masu hotuna na African Storybook, ana sauke su kyauta a ajiye.

Waɗanda suka ɗan tasa akwai TuxMath, lissafi na faɗowa daga sama kana harbo shi da amsa, da Scratch ta jami'ar MIT ta Amurka, wadda ta fito a 2007, inda ɗan shekara takwas ke harhaɗa nasa wasan.

Gwaggo ta ce abin zai kashe musu ido. Ba ta yi ƙarya duka ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a rana gaban irin waɗannan na'urori, jarirai kuwa a raba su da su. Mu a nan batirin kwamfutar hannu ya riga hukumar yanke hukunci, kafin awa ta cika ya mutu da kansa.

Inda nake da magana da mu shi ne wajen 'ya'ya mata. Ka duba duk gidan da aka buɗe kwamfutar, namiji ne a zaune riƙe da linzami, yayarsa na tsaye a bayansa da tsintsiya a hannu tana gaya masa amsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma kowa a nan ya san yaro ko yarinya mai ƙoƙari da aka kai cibiyar jarrabawa a Katsina, hannu na rawa don ranar ce farkon kama linzami. A yi musu layi, kowa da lokacinsa, uba ko yaya ya zauna kusa yana tambaya, "Wannan me kika zana?"

Wanda zai shiga Katsina a makon nan ya tafi da filashi mai tsabta, ba wanda ya zaga shagunan turi ya kwaso cuta ba. Ya rubuta sunayen nan a takarda, Tux Paint, GCompris, TuxMath, ya kuma tsaya a kai sai an sa masa su, don in ya yi sake, katun da waƙoƙin biki za a cika masa ya dawo da su.