Mutanen da Ƙarshen Kakar Ƙwallo Ke Tonawa a Gadarif

Gadarif gari ne na dawa da riɗi a Sudan, kuma duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar amfanin gonarsa ya san mutanensa ba sa wasa da lissafi. Sai dai lissafin da ke hana su barci ba na buhu ba ne. Na ƙarshen kakar ƙwallo ne, lokacin da wasa biyu ko uku suka rage, Hilal da Marikh na Omdurman sun yi kunnen doki a sama, ƙananan ƙungiyoyi kuma suna ta kai ta kai kada su faɗa rukunin ƙasa. A irin wannan lokaci, zauna wajen mai shayi bayan Isha'i ka sha kallo.

Na farko shi ne Malam Lissafi. Biro a bayan kunne, takardar da aka naɗo masa agashe a kan gwiwa, duk mai ya ɓata rabinta. "Ka ga, Yaya, in muka ci Ahli Shandi maki uku ke nan. In Hayyul Arab ta riƙe su canjaras a Port Sudan, Amal ta Atbara kuma ta zura musu biyu, to mun haye." In ka ce masa, "To in mu aka ci fa?" sai ya juya takarda, ya fara daga farko. Abu ɗaya ne bai taɓa iya haɗa jimillarsa ba: bashin mai shayi.

Na biyu, Sarkin Ƙorafi. Tun kafin a busa usur ya riga ya san an sayar da wasan, har ya san nawa aka biya. In ƙungiyarsa ta sha kashi, alƙalin wasa ne. In ta yi nasara, alƙalin ya so ya yi halinsa, Allah ne bai ba shi sa'a ba.

Na uku, Baba Tarihi. Kana tambayarsa wasan jibi, yana ba ka labarin 1970, shekarar da Sudan ta doke Gana a Khartum ta ɗauki kofin Afirka. In ɗan Marikh ne, sai ka sha labarin 1989, da suka doke Bendel United ta Najeriya suka kawo kofin nahiya gida. In ɗan Hilal ne, zai faɗa maka sun kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 1987 da 1992. Ka tambaye shi yadda aka tashi, nan take zai tuna bai yi shafa'i da wuturi ba.

Na huɗu, Ɗan Baƙin Ciki. Wannan ba ya neman ƙungiyarsa ta ci, burinsa ta maƙwabcinsa ta faɗi. Duk mai karawa da Hilal ɗan uwansa ne na jini, na minti casa'in. Yau yana tare da mutanen Kosti, gobe da na Fashir, garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Na biyar, Mai Riga Biyu. Da baki shi na Shurɗa ne, ƙungiyar 'yan sandan Gadarif da ta buga babbar gasar ƙasa, don a cewarsa na gida ba ya ƙin gida. Amma ka duba ƙarƙashin jallabiyarsa, za ka ga shuɗiyar rigar Hilal ko jar Marikh. Yana da hujja kuwa: tun 1992 da Hilal ta Port Sudan ta ɗauki kofin gasar, babu wadda ta sake ƙwace shi daga hannun manyan biyu. Ranar da ɗayarsu ta zo filin Gadarif, ko wa aka ci sai ya yi tsalle, sannan ya waiga ya ga ko an gan shi.

Na shida, Alhaji Mai Gona. Ra'ayinsa kan ƙwallo yana bin farashin riɗi. In ya yi daraja, zai yi alƙawarin sayo wa ƙungiyar gari ɗan wasan gaba daga Najeriya, kamar yadda Marikh ta ɗauko Stephen Worgu daga Enyimba a 2008. In farashi ya karye, ƙwallo aikin marasa aikin yi ce, yara su tashi su tafi yankan dawa.

Na ƙarshe, Mai Camfi. Kujera ɗaya, hula ɗaya, kuma ba a wanke hular sai kaka ta ƙare. In aka ba da bugun fanareti sai ya kashe rediyo, ya tsaya yana sauraren ihun unguwa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da gasar, har Hilal da Marikh suka koma buga gasar Muritaniya a 2024. Ko hakan bai sa mutanen nan sun tuba ba. Malam Lissafi ya koyi sunan Nuwadibu, Sarkin Ƙorafi ya gano alƙalan can ma ba su da amana.

Mai karatu, kafin ka yi musu dariya ka duba da kyau, ɗaya daga cikinsu kai ne. In kuwa na farkon ne, ka fara biyan mai shayi.