Baƙin Gidan Runji a bakin mutanen Tasawa

Mu mutanen Tasawa da Mayahi, Allah bai hana mu abin musu ba. Tun 2019 da ɓarayin daji suka soma koro mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, fadar shayi ta rabe biyu. Wannan ya ce: "Ai ƴan'uwa ne, bakinmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya." Wancan ya karɓe: "Ƴan'uwa ko? Wa ya san mai bin sawunsu? Kai ka san nawa tiyar hatsi take yanzu?" Kafin shayi na biyu ya nuna, an kira wani mara imani, an kira wani mara wayo.

Abin dariyar, baƙin ba ƙofarmu suka sauka ba. Galibinsu suna can yankin Gidan Runji, ƙauyukan bakin iyaka, har hukumar ƴan gudun hijira ta HCR ta kwashi wasu zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Manomin da ya buɗe rumbunsa ya auna wa matar da ta iso da goyo ba takalmi, tun motar agaji ba ta zo ba, shi ba ya cikin wannan gardama. In ma ya yi ƙorafi, nasa mai dalili ne: rijiya ɗaya ce, layi ya yi tsawo, baƙo na da katin abinci, mai masauki babu. Mu kuwa daga inuwar bedi muke yanke hukunci.

Kuma fa mun iya mantuwa! Sarautar Maraɗi da ta Tasawa, ba Katsinawan da jihadi ya fitar daga birninsu ne suka kafa su ba? Gobirawan Tibiri ma haka. Yunwar 1984, tsofaffinmu El Buhari suke ce mata, don gwamnatin Buhari ta Najeriya ta rufe iyaka a daidai lokacin da ciki ke tura mu kudu neman hatsi. Har gobe ba su huce ba.

Mai cewa a kore su ɗin nan, tambaye shi ina babban ɗansa. Yana Kano ci-rani, ƙaramin yana Libiya. In ka tuna masa, sai ya gyara zama ya ce: "A'a, malam, nawa nema suka tafi." Mai cewa a karɓe su hannu biyu kuma, an taɓa tambayarsa ɗaki nawa zai bayar, ya ce a bari ya shawarci uwargida.