Komai Namu Ya Koma Rof

Wai ni jama'a, yaushe komai na unguwar nan ya koma rof? Yaro ya kwashe ƙafar ɗan'uwansa a filin ƙwallo, rof. Mai Adaidaita Sahu ya kutsa tsakanin tirela da kwata, rof. Tela ya yi ɗinkin jajibirin sallah yana gyangyaɗi, shi ma aikinsa rof ne. Har littafin da 'yan makaranta ke gwada lissafi a ciki kafin su kwafe a mai kyau, sunansa ke nan.

Su ma Turawan da muka ari kalmar a wurinsu haka suke jan ta kamar roba. Asalinta abin da ba shi da santsi ne, irin bangon da ba a yi wa shafe ba. Daga nan suka ɗora ta a kan teku in ta yi tashin hankali, da mutum mai mugun wasa, da ƙiyasin da ba a tantance ba. Su rubuta haruffa biyar, rough, su furta sauti uku. Waɗancan g da h ɗin, a da daga maƙogwaro ake fito da su, kusa da kha ta Larabci, bakin jikoki ne ya mai da su f.

Mu kuwa ba babu ce ta kai mu aro ba. Hanya tana da gargada, mai gaggawa yana da garaje, direba ganganci, ɗan ƙwallo ƙeta, kowacce da mazauninta. Ni dai a ganina wayo ne kawai muke yi. Ka ce wa direba, "Malam, ganganci kake yi," yanzu zai taka birki ya sauko a tara jama'a. Amma ka ce, "Maigida, yau tuƙin da ɗan rof fa," sai ya yi dariya ya ce ai ku ne kuke sauri. An faɗa masa, ba a ci masa fuska ba. Uwa ma gara ka ce ɗanta rof ne da ka ce ƙazami, in ba haka ba gaisuwarku ta ƙare.

Tsofaffi ne dai ba ruwansu da wannan lallaɓawar. Iya ta kalli diddigen jikanta cikin hunturu, sai ka ji, "Kai, wannan kaushi har da faso! Maza jiƙa ƙafar nan ka goge da dutse, ga man kaɗanya can a kan taga."