Na Binne Tulu, Kun Ce Asiri Ne

Tun ranar da yaran unguwa suka leƙo ta katanga suka gan ni durƙushe a bayan ɗaki ina binne tulu, ban sake zama lafiya a majalisa ba. Kafin la'asar labari ya kai ƙofar masallaci, kafin magariba ya yi 'ya'ya da jikoki. Wani ya ce kuɗi na ɓoye. Wannan na gode masa, ko banza ya ɗaga mini daraja. Wani ya ce asiri ne, wai boka ya ba ni don in mallake maƙwabta. Shi kuwa abokin wasana Bazazzagi cewa ya yi ba asiri ba ne, rana ce ta taɓa Bakano, a nemo ruwan sanyi a sheƙa mini a ka. To, ku matso kusa, ku da kuka yi dariya, har da ku masu karatu da na san tun daga kan take kuka fara taɓe baki. Yau sai mun yi ta.

Tulu ne na ƙasa, wanda ba a shafe shi da komai ba. Na haƙa rami na zaunar da shi har wuya, na mayar da ƙasa na daddanna, na cika shi da ruwa, na kifa masa tsohon murfin kwano, sannan na shuka kuɓewa huɗu kewaye da shi. Iyakar asirin ke nan. Babu laya, babu baƙin zakara.

Kai mai musu, tashi ka je ka shafa gindin randar gidanku. A jiƙe take, ko? Wannan zufar da take yi ita ke sanyaya ruwan da kake kwankwaɗa kana lumshe ido, domin ruwa ba ya bin iska sai ya tafi da zafi. Tulun da ke cikin ƙasa shi ma zufar yake yi, sai dai tasa ƙasa ce ke shanta. Idan ƙasa ta bushe sai ta tsotso, idan ta ƙoshi sai ta sassauta. Saiwa kuwa ba sakarya ba ce, inda ta ji laima nan take nufa, har ta nannaɗe tulun kamar goyo a bayan uwa. Rana na can sama tana ta zare ido, ba ta ga ruwan ba balle ta ɗauke shi. Ni dai nawa tulun sai ya kwana uku ban waiwaye shi ba, kuɓewar kuma ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Na ji wani a can baya yana cewa irin ƙaƙale-ƙaƙalen 'yan boko ne, sun karanto a littafin Turawa. Ranka ya daɗe, in littafi ne ma ba na Turawa ba ne. Wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya rubuta bayanin binne tukunya don shayar da shuka fiye da shekara 2000 da suka wuce. In kuwa Sin ta yi maka nisa, ga na gida. Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Dutse ta jihar Jigawa, ya taso ne cikin dangin magina tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga firijin da ba ya jiran a kawo wuta. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan haka. Masu agogon miliyoyi sun tafa wa tukunyar ƙasa, kai kuma da ko agogon roba sai ka girgiza shi yake tafiya, kana mata kallon ƙauyanci.

Sai Baba mai furfura, wanda ba na iya yi wa gardama sai na tuɓe takalmi. Ya ce, yaro, zafi ai ba yau aka fara ba, bazara ce, haka muka taso muka gan ta. Gaskiya ne, Baba. Kun ji labarin yunwar Kakalaba daga bakin kakanninku, kun ga farin 1973 da idonku, kun ga na 1984 wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka laƙaba wa El Buhari. Ba wanda zai koya muku wahala. Amma ina tuna muku azumin 2024. Ranar 3 ga Afrilu, a garin Kayes na ƙasar Mali, ma'aunin zafi ya nuna digiri 48.5. A asibitin Gabriel Touré da ke Bamako an ƙirga rasuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a watan Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 aka ƙirga. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne dare ma bai yi sanyi ba, jiki bai sami lokacin hucewa ba. Masanan da suka bi diddigin abin sun ce da ba don ɗumamar da hayaƙin man fetur da gawayi ya jawo wa duniya ba, da zafin bai kai haka ba. Saboda haka Baba, a bar fita kasuwa tsakanin azahar da la'asar, a yawaita shan ruwa ko ba a jin ƙishi, a kuma daina cika bakin cewa jikin da ne. Jikin da a ɗakin soro ya kwana, mai katanga kamu guda da rufin azara. Yanzu kuwa mun rushe soron mun ɗora kwano, mun sare darbejiyar ƙofar gida don mota ta sami wurin juyawa, muna kwana cikin tanda muna zagin fanka.

Alhaji mai rijiyar burtsatse, na ga kana murmushi, wai kai wannan zance bai shafe ka ba. Kana da inji, kana da tanki biyu a sama, kana da yaro mai jan tiyo. Na taɓa wucewa ta ƙofar gidanka da ƙarfe ɗaya na rana na ga yaron yana yi wa furanni feshi, rabin ruwan a kan siminti, rabin a kan ganye, shi kansa ya fi shukar jiƙa. Ba shuka kake shayarwa ba, Alhaji, sadaka kake yi wa rana, ita kuwa ba ta cikin masu cin zakka. Ruwan da aka yayyafa da tsakar rana saman ƙasa kawai yake jiƙawa, kafin ya kai ga saiwa ya tashi. Shukar da ta saba da yayyafi kuma saiwarta a sama take tsayawa, ranar da inji ya lalace kwana biyu sai ka tarar ta yi sujada. A zuba da asuba ko da yamma liƙis, a zuba a gindi, a zuba mai yawa ya nutse, sannan a bar shi ya kwana biyu. Kuma in faɗa maka abin da ba a faɗa maka a gaban idonka: ruwan da injinka ke zuƙa ba daga gadon gidanku yake fitowa ba. Tafki ɗaya ne a ƙarƙashin unguwar, shi ne dai wanda rijiyar maƙwabcinka ke ƙafewa a kansa duk watan Afrilu, har 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka su kuma riƙa yi mana yanga.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce Gwaggo. Ta zo ta tarar na shimfiɗa buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye a gindin shukokin, ta riƙe haɓa. Wai gidan ɗan'uwanta ya zama juji. Kafin in dawo daga sallar azahar ta sa tsintsiya ta share tas, har da ɗan zanen tsintsiya a ƙasa don ado. Ban ce komai ba, Gwaggo ce. Na mayar da rabi, na bar rabi a share. Washegari da rana tsaka na roƙe ta ta ɗora tafin hannunta a wurin da ta share. Ta janye da sauri tana salati. Na ce ta cusa shi ƙarƙashin buntun. Ta yi shiru, can ta ce, to ai gara za ta shigo.

A nan nake jiranku, domin gara ita ce hujjar kowa. Ku saurari labarin wani mutum da shi ma aka kira mahaukaci. Yacouba Sawadogo manomi ne a yankin Yatenga na Burkina Faso, kusa da Ouahigouya. Wajen 1980, lokacin da fari ya sa mutane na barin ƙauyuka, shi sai ya ɗauki fartanya ya shiga feƙo, irin ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwan sama ke zamewa a kanta, ya kama haƙa ƙananan ramuka da rani tsaka. Dabarar tsohuwa ce, sunanta zai a harshensu, amma shi ya faɗaɗa ramukan, ya kuma riƙa zuba taki a ciki. Takin ya kira gara. Gara ta huda ƙasar ta yi mata hanyoyi, ruwan farko da ya sauka ya taru a ramin ya bi hanyoyin ya nutse maimakon ya gudu. Dawa da gero suka fito a inda ko ciyawa ba ta fita, itatuwa suka biyo baya har wurin ya zama daji. An yi masa dariya, an ma taɓa cinna wa dajin wuta. A 2018 ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, a 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi, ya rasu a Disambar 2023. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga Illela, ta jihar Tawa nake nufi ba ta Sakkwato ba, suka je Yatenga suka gani, suka dawo suka inganta nasu ramukan da suke kira tassa. Can Maraɗi kuma manoma suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa yana girma a cikin gona, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba da inuwa. Ban ce ku gayyaci gara cikin ɗaki ba. A nisanta buntun daga katanga da azara, kada kuma a manna shi da jikin shukar. Amma a lambu, ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada.

Yanzu bari in taɓo Malam, a hankali. Malam ya fi ni sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, mudun da bai cika lita ɗaya ba. Malam yana karantar da wannan. Sai dai na lura butarsa irin ta babbar sallah ce, kuma yakan juye ta kaf a kan dandamalin siminti, ruwan ya gangara kwata ya zama gidan sauro. Sau biyar a yini, a gida mai mutum goma, ku lissafa da kanku. Ni dai a gindin zogale nake alwala, shi ya sa yake kore shar a watan da akuya ke cin takarda. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk can suke tafiya. Ruwan omo da na bilic ne ban yarda da su ba, suna tara gishiri a ƙasa, kuma duk ruwan da aka yi amfani da shi ba na kai shi kan latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye.

Akwai kuma mai taurin kan da ya dage sai ya yi tumatir a watan huɗu. Ya zo yana mini kukan fure na zubewa, wai baki aka yi masa. Ba baki ba ne, ɗan'uwa. Idan zafi ya haura digiri 35 furen tumatir ba ya ɗaukar ɗa, ko kogi ka juye masa. Manoman Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga ba wawaye ba ne da suke nomansa da hunturu. Bazara ta kuɓewa ce da rama da yakuwa da lalo da zogale. In kuwa ka rantse sai tumatir, kafa masa rumfar zana ta yamma, ka rage buri.

Don kada ku ce na zama dillalin magina, ga laifin tuluna. Ba ya noma eka, na lambun bayan ɗaki ne da gindin dashe. In ka bar bakinsa a buɗe sauro zai yi maka godiya. In ruwanka mai laka ne ko mai kanwa, ƙofofin jikinsa za su toshe, sai ka tono shi ka kankare. Na biyun da na saya ma ya fashe, wani ɗan akuya ne ya yi tsalle a kansa, aka yi ta dariya har da riƙe ciki, na kuma yarda ranar kun ci ni.

Sai shekaranjiya bayan isha'i na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, irin ta mai neman bashi. Na buɗe, sai ga Bazazzagin nan da buhu a kafaɗa, yana waige-waige. Wai wani abokinsa ne, ba shi ba, yake tambaya ko tulun sai an binne shi har wuya, ko rabi ma ya isa. Na ce ya gaya wa abokin har wuya ne, kuma ya yi haƙan da rana tsaka yadda yaran unguwa za su gani da kyau. Da ya juya zai tafi, na ji abin da ke cikin buhun ya bugi ƙyaure ya yi ƙara irin ta tulu.